Shekarar da Anka Shafa wa Layi Biyu Jan Fenti

Ku jikokina, na san abin da ake gaya muku a kaina. An ce ni ce tsohuwar da ta zaɓi bangon ƙasa a kan ɗanta, wadda taurin kanta ya sa anka jefa ubanku can gabas mai nisa kuna ƙanana, kunka tashi ba dangi kusa. Ban ce duka ƙarya ba ne. Amma wanda ya ba ku labarin daga tsakiya ya ɗauko shi, ya kuma aje shi inda ya yi mishi daɗi. Shi ya sa na zauna, tun idona na ganin rubutu, in faɗa muku yadda abin ya faru. In kun karanta ku yanke hukuncin da kunka ga dama. Ni dai ba gafara na zo nema ba.

Layi Biyu gidajen gwamnati ne da anka gina wa ma'aikata a Filinge tun kafin a yi mini aure. Jeri biyu ne suna kallon juna, ɗaya gabas ɗaya yamma, da fili mai faɗi a tsakani, da famfo guda, da itatuwan bedi. Kowane gida ɗaki biyu da baranda, bangon ƙasa mai kauri, rufin kwano. Nan anka sauke mu ni da kakanku Mushe Idi, haka ake kiran malaman boko a nan, shi yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ni ina sabuwar ungozoma a likita, wato asibiti. Abin da ya kamata ku gane shi ne, a cikin gari kowa yana da gonar gado da gidan kakanshi, in anka tambaye ka ɗan wane ne kai, sai ka nuna da hannu. Mu a Layi Biyu ba mu da abin nunawa. Aiki ne ya kwaso mu daga ko'ina ya zuba wuri guda: Bazabarme, Buzu, Bafillace, Babarbare, da mu Kurfayawa 'yan kaɗan da ƙauyukanmu sunka yi nisa. Tun da ba mu da dangi kusa, sai munka zama dangin juna. Yaranmu suna faɗa a bakin famfo da harshe uku, su shirya da na huɗu. In mace ta haihu, maƙwabciyarta ce ke yi mata ruwan zafi har ta yi arba'in. Ranar da kakanku ya rasu, kafin 'yan'uwanshi su iso daga ƙauye, Agali, tsohon mai gadin daji mutumin Imanan da ke gidan kusa da namu, shi ya yi mishi wanka, Gambi kuma, matar marigayi direban likita, ita ta riƙe ni a ɗaki. Ba ta iya Hausa sosai ba har ta mutu, amma ba wanda ya san cikina kamar ta.

Shekaru sunka tafi, gwamnati ta mance da mu. Ba mai zuwa gyara, ba mai tambaya. Sababbin ma'aikata sun fi son gidajen siminti a cikin gari, sai ya zama waɗanda sunka rage mu ne, tsofaffin da sunka aje aiki, da matan da mazansu sunka rasu, da ƙananan ma'aikata da ba su da ƙarfin haya. Muna biyan abin da anka yanka mana, muna toshe yoyo da hannunmu. Ita kuwa kasuwa tana ta girma, rumfa bayan rumfa, har ta iso bayan katangarmu. Daga nan ne filin da ba wanda ya damu da shi ya zama nama a idon mutane.

Bayan kaka ne, an gama ɗaurin hatsi, wata farar mota ta shigo filinmu da hantsi. Mutane sunka fito da igiyar awo, ɗayansu da bokitin jan fenti. Ba su yi sallama da kowa ba. Suna aunawa, mai bokiti yana bin ƙofa ƙofa yana zana alama babba a bango. Ina zaune a baranda ina tsince wake ya zo ya shafa tashi kusa da kaina, har fentin ya ɗiga a tabarmata. Na tambaye shi ko gidan ubanshi haka ake shiga. Babbansu, wani mai farar riga da anka ce daga Yamai ya zo, shi ya amsa. Ya ce gidajen sun tsufa, suna iya faɗa wa mutane, kafin damina za a rushe su a gina shaguna da tasha. Ya ce kowa za a ba shi fili a bayan gari, hanyar Bonkuku. Na san wurin. Ba ruwa, ba inuwa, sai tumfafiya.

Gambi ta fito tana dogara sanda, ta tsaya gaban alamar da ke bangonta ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo wurina.

"Rabi, irin wagga alama ba ita Agali ka sa ma iccen da za a sare ba?"

Na ce mata ita ce. Ta gyaɗa kai ta koma ɗaki, ranar ba ta ɗora tukunya ba.

Ba a yi mako ba sai ga ubanku. Ɗan fari ne, kun san ba na kiran sunanshi, Injiniya nake ce mishi tun da ya gama karatu. A lokacin yana aiki a Yamai, a ofishin da wannan magana ta bi ta cikinshi. Ya zo da tsaraba, ya zauna a bakin gado kanshi a ƙasa, ya ce ya gyara mini ɗaki a gidanshi, da fanka da makewayi a ciki, in haɗa kayana mu tafi. Ya ce ba shi ya sa hannu ba, ba shi ya kawo shawarar ba, amma manya ne ke bayan abin, kuma kowa a ofis ya san uwarshi a Layi Biyu take. Na tambaye shi Gambi fa. Ya ce za a ba ta fili. Na ce da wane hannu za ta gina, alhali ɗiyanta biyu suna kabari, na ukun ya tafi neman kuɗi bakin teku ya ɓace? Agali fa, da idonshi guda ya tafi? Na tuna mishi cewa sa'ad da nake kwana a likita wurin masu naƙuda, a bayan Gambi yake barci, tuwonta ya ci ya girma.

"Inna, na sani," ya ce. "Wallahi na sani. Abu guda nake roƙon ki. In ba za ki taho ba, to ki yi shiru. Kada a ji sunanki. In anka ji naki, nawa anka ji."

Ban yi mishi alkawari ba, ban kuma ce a'a ba. Na zuba mishi fura ya sha, ya kama hanya. Ku lura da wannan, don an ce muku na yi alkawari na karya. Ban yi ba.

Mutanen Layi Biyu munka taru a ƙarƙashin bedi bayan la'asar. Wasu sun riga sun karaya, musamman na jerin yamma da ke manne da kasuwa, don an bi su ɗaya ɗaya an yi musu daɗin baki, har wasu sun karɓi fili sun fara kwashe kaya. Ban zarge su ba, kowa ya san nauyin da ke kanshi. Ana ta magana ba kai ba gindi, wannan ya ce a je wurin wane, wancan ya ce a bar wa Allah. Agali yana gefe da rawaninshi yana saurare har kowa ya gaji. Sannan ya ce shi a aikinshi ya koyi abu guda: mai son sare icce mai rai cewa yake ya bushe. Tun da hujjarsu ita ce gidajen sun lalace, to a ƙwace hujjar. A yi gayya, a yaɓe kowane bango, a gyara kowane rufi, in sun zo su faɗi gaskiyar abin da ya kawo su.

Tsofaffi ba su taka laka, sai an kira yara. Akwai wata malamar lakwal, Hadiza, da ke gidan ƙarshe na jerinmu, ita ta ce a bar mata wannan. Ta buɗe zauren hira a waya ta sa mishi suna Ɗiyan Layi Biyu, ta sa waɗanda ta sani, su kuma sunka jawo waɗanda sunka sani. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Muryoyi sunka dinga shigowa daga Yamai, daga Tawa, daga Agadas, daga Kano, daga Kwatano, har da ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. Manyan mutane masu furfura suna cewa, ni ne wane ɗan wane na gida na uku, ina Inna Rabi, tana nan? Kullum da la'asar Hadiza ta kawo wayar ta aje a tabarma, mu kewaye ta kamar masu jin tatsuniya. Wani ya ba da labarin wanda ya dasa bedin bakin famfo, ashe wani malamin dabbobi ne Bafillace da ni kaina na mance da shi. Wata ta tuna shekarar yunwa, da albashi ya yi ta makara, matan Layi Biyu sunka haɗa ɗan hatsin da ke gare su a tukunya ɗaya, ana zuba wa yara tukuna, har da yaran makiyayan da sunka sauka bayan katanga dabbobinsu sun ƙare. Ɗaya daga cikin yaran nan ma ya yi magana, yanzu babban ɗan kasuwa ne, ya fara bayani kuka ya ci ƙarfinshi. Hadiza ta ce ba za ta bar muryoyin nan su ɓace ba, ta bi mu tsofaffi ma tana ɗaukar namu. Gambi ta yi nata da Zabarmanci, ta yi dariya a ciki, dariyar da rabona da ji tun ranar jan fenti.

Ana cikin haka wani mai aiki a rediyon gari ya zo ya ce yana son ɗaya daga cikinmu ya yi magana. Kowa ya dube ni. Ba don na fi kowa baki ba, sai don rabin garin nan ta hannuna sunka faɗo duniya, in na yi magana matan ƙasar nan tamu ta Kurfai za su saurara. Na ce a ba ni zuwa gobe. Na san abin da ke kan sikeli. Na tuna fuskar ubanku a bakin gado, na tuna wahalar da ya sha kafin ya kai inda ya kai, na tuna ku. Na kuma leƙa ta taga na ga Gambi tana shara a ƙofar gidan da anka yi wa alamar sara, tana sharewa tsaf kamar kullum. Uwa tana kare ɗanta, wannan gaskiya ne. Amma ɗana namiji ne mai ilimi da ƙarfi, duk inda anka kai shi zai ci abinci. Gambi in anka kai ta hanyar Bonkuku, gawarta za a ɗauko. Da safe na yafa mayafina na tafi.

Ban zagi kowa ba, ban kama sunan kowa ba. Na faɗi sunana da na mijina. Na ce gidajen nan na gwamnati ne, ba mu musa ba, amma mu ma na gwamnati ne, ƙuruciyarmu ita ta cinye. Na ce wanda ya koya wa ɗiyanku karatu, da wadda ta yanke musu cibiya, da wanda ya tuƙa marasa lafiyarku zuwa Yamai cikin dare da rana, ba shara ba ne da za a kwashe a zuba bayan gari don an ga wurin ya yi tsada. Sannan na ce ranar kaza muna gayya, duk wanda ya taɓa shan ruwan famfon Layi Biyu ya zo.

Sunka zo kuwa. Motocin haya daga Yamai sunka sauke mutanen da rabona da su tun suna da majina a hanci. Manoman ƙauyukan kewaye, waɗanda na karɓi haihuwar matansu, sunka kawo laka da ƙaiƙayi a amalanken jakai ba wanda ya roƙe su. Magina na gari sunka zo da kayan aikinsu. Na ga wani babban likita ya naɗe wando har gwiwa yana taka laka kusa da mai sayar da goro, suna gardama a kan wa ya fi iya ƙwallo suna yara. Mata sunka girka tukwane a tsakiyar fili, ana daka ana waƙa. Da anka zo bangona, na ce a dakata. Na ɗebi laka da hannuna na mulka a kan jan fentin nan, na shafe shi sarai, mata sunka yi guɗa. Kafin mutane su watse Layi Biyu ta koma kamar amarya. Ubanku bai zo ba, ban kuma sa ran zai zo ba.

Kada ku zaci daga nan komai ya yi daɗi. Da bazara ta tsaya, wata safiya sai ga katafila a kan babbar mota, da masu kaki a bayanta. Ba wanda ya ƙara maganar gidaje sun lalace. Sunka fara da jerin yamma, da gidajen da masu su sunka tashi. Gidan Gambi yana tsakiyar waɗannan, bangonsu ɗaya, da anka ture na kusa nata ya tsage daga sama har ƙasa. Da ƙyar munka fito da ita da akwatinta. Tana tsaye tana kallo ƙarfen nan ya kama barandar da ta yi shekaru tana shanya kuɓewa a kai. Ba ta yi kuka ba. Ta ce da harshenta, kala suru, wato sai haƙuri. Ni kuwa a ranar haƙurina ya ƙare. Na shiga ɗaki na jawo turmina, na mirgina shi har gaban katafila, na zuba hatsi na fara daka. Hadiza ta kawo nata. Kafin a jima duk matan Layi Biyu suna tsakiyar fili da turame, Agali ya shimfiɗa buzunshi a gabanmu ya zauna da tasbaha.

Babban masu kakin ya zo ya ce in tashi, yana kirana Inna, muryarshi ƙasa ƙasa.

Na ce, "Ɗana, ka ga daka nike. In na ƙare in tashi. Amma hatsin da yawa."

Ranar kasuwa ce. Labari ya shiga rumfuna, mutane sunka bar kayansu sunka cika wurin, ba mai jifa, ba mai ihu, tsaye kawai suke suna kallo. Liman da dattawan gari sunka iso sunka ja manyan gefe. Ban san abin da anka faɗa ba. Na dai san direban katafila ya kashe inji ya sauko ya nemi ruwa, Hadiza ta ba shi. Da rana ta karkata sunka ɗora abinsu a mota sunka tafi, sunka ce za su dawo. Har yau ba su dawo ba. Daga baya mun ji an canza manya a can sama, ɗan kwangilar da anka ba aikin rushewar kuma ya sami wani wurin. Ba a ba mu wata takarda ba, ba a ce mun ci ba. Muna nan ne kawai, kuma kowace shekara bayan kaka ana gayya. Inda rabin jerin yamma yake an yi shaguna. Mu dai Layi Biyu muke ce wa unguwarmu, wanda ya ƙirga ya ga ɗaya da rabi, shi ya sani.

Gambi ta dawo gidana, na sa ta a ɗakin da ubanku ya tashi a ciki. Ba ta daɗe sosai ba. Amma a kan gado ta cika, cikin mutanen da sunka san ta, maƙwabta na karanta mata kalmar shahada, kuma jama'ar da ta bi gawarta ta ba mutanen gari mamaki.

Shi kuwa ubanku, damina ba ta faɗi ba anka ɗauke shi daga ofishinshi anka tura shi gabas, wurin da ba a tura wanda ake so. Ya kira ni a waya ya gaya mini, a taƙaice, ya ce yana fatan gidan ya ishe ni. Daga nan sai gaisuwa ta bakin uwarku, sallah zuwa sallah. Bai taɓa yanke mini abin da yake aikowa ba, wannan ku sani, ɗan halak ne. Amma muryarshi ya hana ni. An haifi autarku ban je suna ba, don ba a ce in zo ba. Kun yi haƙora, kun shiga lakwal, kun fara azumi, duk a hoto na gani. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ba wanda zai gaya mini nauyinshi, ni na ɗauka. Abokan aikinshi sun wuce shi, na sani. Uwarku ta sha wahala a baƙon wuri, na sani, ban kuma ga laifinta ba in ta ji haushina.

Bara, bayan an maido shi Yamai, ina zaune a baranda sai na ga mutum ya tsaya bakin famfo yana kallon wurin da gidan Gambi yake da. Furfura ta fito mishi, har na ɗauka kakanku ne ya dawo. Ya ƙaraso ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa kamar jiya munka rabu. Ya je ya gaida Agali, wanda yanzu ba ya gani ko kaɗan, ya daɗe a can. Hadiza ta kunna mishi muryar Gambi, ya saurara har ƙarshe, ya zaga bayan katanga shi kaɗai. Da ya dawo na aje mishi tuwo da miyar kuka. Ya wanke hannu, amma bai fara ci ba.

"Inna, in tambaye ki. Da kin san abin da zai same ni, da shekarun nan duka, da kin je rediyon nan?"

Na dube shi. Ɗana ne, ban taɓa yi mishi ƙarya ba, ba kuma zan fara da tsufa ba.

Na ce, "Injiniya, ai na sani na tahi. In da abin da zan sake, muryata zan ƙara ɗagawa."

Ya dafa tabarma har na zaci zai tashi. Sai ya girgiza kai, ya ja kwanon gabanshi, ya ce miyar ta yi gishiri kamar kullum. Ya cinye tas, ya miƙo kwanon a ƙara mishi.